Kafson Kodisef da Tarin Babana

A lokacin ni ne ɗan boko a gidanmu, ina da ɗan shagon cajin waya a bakin kasuwar Wara, kuma duk abin da na faɗa a gida ya zauna. Babana masunci ne, ya tsufa yana jefa koma a tafkin Kainji. Da tari ya kama shi ya ƙi tafiya, muka kai shi asibiti a Yelwa, aka ce tarin tibi ne, aka ba shi ƙwayoyin da zai yi watanni yana sha. Ya fara samun sauƙi, sai dai kullum yana ƙorafin suna tayar masa da zuciya, ga fitsarinsa ya koma ja.

Ana cikin haka na ci karo da wani bidiyo a waya, ana yabon kodisef, wani irin naman kaza da ke tsirowa daga jikin tsutsa a duwatsun ƙasar Sin. Mai maganar ya ce yana ƙarfafa garkuwar jiki, yana wanke huhu. Na yi ta kallo har na haddace. Na sa aka kawo mini kafsonsa, na ce wa Baba ya ajiye na asibiti, tunda ga wanda zai sa jikinsa ya yi yaƙin da kansa. Inna ta roƙe ni in bari ya ƙarasa wanda likita ya ba shi, na yi dariya na ce mata duniya ta ci gaba. Ta ƙyale ni, don ta ɗauka na fi ta sani.

Da farko Baba ya ware, yana cin tuwo, har ya koma gyaran koma. Ruwan tafkin na janyewa tarin ya dawo, wannan karon da jini, muka mayar da shi asibiti. Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi ana bincike a kan kodisef, mai yiwuwa yana da amfaninsa, amma ba ya kashe ƙwayar tibi, kuma katse maganin ya sa cutar ta daina jin magani. Kafin Baba ya cika ya riƙe hannuna ya ce in daina kuka, ya san alheri na nufa. Wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo.

Yanzu Inna ce ke tarin, wajen jinyarsa ta ɗauka, irin mai taurin nan. Ni nake miƙa mata ƙwayoyin kowace safiya, ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Na gane ƙauna ba ta mayar da mutum likita. Don Allah, duk mai majinyaci a gida, in ka ga ana tallar maganin garkuwar jiki, ka kai wa likita ya duba kafin ka taɓa wanda ake sha. Ni ban tambayi kowa ba, na binne ubana.