Safa a Ɗakin Masu Jego

Yayata nas ce a ɗakin masu jego, kuma tun ina budurwa nake yi mata dariya a kan aikinta. Asibitin ya ba su wani kati mai zanen fuskoki, daga mai washe baki har zuwa mai kuka. In maijego ta sa jariri a nono, sai a miƙa mata ta nuna fuskar da ta yi daidai da yadda take ji. Yaya takan miƙa katin kamar kowa, amma sai ta fara yaye zanin da ya rufe ƙafar mace. A cewarta kusan kowa mai murmushi take nunawa, don kada a ce ta cika raki. Amma in shayarwar da zafi, yatsun ƙafa sai sun dunƙule, ko mace ta so ko ta ƙi. Shi ya sa abokan aikinta suke ce mata Sista Duba-Ƙafa.

Ni tela ce, kuma bakina ya fi keken ɗinkina gudu. Nakan ce, "Yaya, duk karatun nan a ƙafar mutane ya ƙare?" Ɗa ɗaya ta haifa, da madarar gwangwani ya girma, kuma a gidanmu ba a tayar da maganar.

Da na samu ciki kuwa, babu wanda bai sha cika-bakina ba. Na ce shayarwa ai ba karatu ba ce, akuya ma tana yi.

A ɗakin da Yaya take aiki aka kwantar da ni bayan na haifi 'yata. Nan na gane akuya ta fi ni. Duk lokacin da yarinyar ta kama, sai in ji kamar allurar keke ce take bi ta kaina. Kan nonon ya tsage, ita kuma ta tsotsa ta saki ta yi ta kuka, ba ta ƙoshi. Tsoro ya kama ni sosai. Na ƙudurta a raina da zarar an sallame mu zan sa a sayo madara in daina, ba wanda zai sani. Amma in buɗe baki in gaya wa Yaya, bayan duk surutun da na yi? Ina!

Da yake na san dabararta, sai na aiki maigidana ya kawo min safa. Bawan Allah ya kwaso ta ƙwallonsa, mai kauri, har gwiwa. Ana zafi, fanka tana juyawa, sauran mata suna fifita, ni kuwa ga ni kwance kamar mai jiran a busa usur.

Yaya ta shigo zagayen safe da katinta. Ta yaye zanina, ta tsaya tana kallo.

"Auta, sanyi kike ji?"

"Ɗan kaɗan, Yaya," na ce, gumi yana bin wuyana.

"To, sa ta a nono mu gani."

Na sa ta, na cije, na dangwala yatsa a kan fuskar da ta fi kowacce washe baki. Yaya ta ajiye katin, ta zauna a bakin gado, ta zare safar da kanta. Yatsuna a dunƙule suke tam. Ta riƙe su a hannunta, ni kuwa sai hawaye.

Ba ta yi min dariya ba, ko da yake na cancanta. Ta sa ɗan yatsa a gefen bakin yarinyar ta cire ta a hankali, ta juyo cikinta ya manne da nawa, ta jira sai da ta wangame baki sannan ta mayar da ita. Zafin bai tafi duka ba, amma ya sauka, har na ji yarinyar tana haɗiya.

"Lokacin nawa ɗan," in ji Yaya, idonta a kan ƙafata, "duk wanda ya tambaye ni sai in ce lafiya lau. Har nonon ya kumbura ya yi ruwa, aka yi min aiki. Bai ƙara sha ba."



Ta naɗe safar ta cusa a aljihu, ta ɗauki katinta. "Ni ba wanda ya yaye min zani," ta ce, ta wuce gado na gaba.