Katuna Bakwai na Isufu

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka yi wa abokina Isufu sallar gawa a Lyon ta ƙasar Faransa, muka raka akwatinsa filin jirgi zuwa Damagaram. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai kunya ta riƙe mini hannu. Bana dai wurin ɓuya ya ƙare mini.

Tare muka zo karatu, ɗaki ɗaya muka zauna a Bron, gefen Lyon, kafin ya yi aure. Ni lissafi na karanta. Shi kuwa bin sawun kalmomin Faransanci yake, waɗanda suka fito daga harshen Farankawa, dangin Jamusawan da suka mulki ƙasar nan a zamanin da. Kowace kalma da katinta, rubutun hannu, jere cikin kwalayen takalma bakwai. Wadda ta fi shiga ransa ita ce fournir. Yau tana nufin ka samar wa mutum abin da yake bukata, amma Isufu ya ce a bakin Farankawa tushenta na nufin ka aiwatar da aiki, ka kai shi ƙarshe. Haka ta shiga Faransanci da Italiyanci, ma'anar tana sauyawa a hanya. In ya fara wannan bayani, shayinsa sai ya huce.

Dariya muke masa, kuma ni ne kan gaba. In mun taru cin tuwo a unguwar Guillotière ranar Lahadi sai in ce, "Jama'a, ga wanda ya haye hamada da teku don ya tono kakan kalma ɗaya!" A kwashe da dariya. Shi dai murmushi, ya ce, "Sani, kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ciwon zuciya ya ɗauke shi kwatsam, bai kammala binciken ba. Matarsa ta bi gawar gida tare da 'yarsu Nana, mai shekara takwas. Mai gidan haya ya ce a kawo makulli kafin ƙarshen wata, sai mu biyar muka je kwashe kaya, dattijonmu Alhaji Mamman na jagora. Tufafi aka yi sadaka da su. Da aka zo kan takardu, Alhaji ya bi ƙa'idar da duk muka tashi da ita: mai rubutun Larabci a ware ta, kada sunan Allah ya shiga shara, saura a zubar. Ba shi da laifi ko kaɗan, don har ya ɗaga kati ɗaya ya tambaye ni, "Malam Sani, kai ne abokinsa. Waɗannan suna da amfani?"

Duk waɗanda na saba sa wa dariya suna kallona. Na san shekara nawa ke cikin kwalayen nan, amma na ji nauyin in tsaya in kare abin da na daɗe ina yi wa ba'a. Na ce, "Tarkacen karatu ne, Alhaji." Wallahi da hannuna na sauke su ƙasa na juye a shara.

Kati bakwai ne suka tsira, saboda Isufu yakan rubuta Bisimillah a saman katin farko na kowane kwali. Alhaji ya ba ni su in adana. Na fournir yana cikinsu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da yaro zai latsa waya ta faɗa masa asalin kalma kafin ƙiftawar ido. Ina jin ba zai yi fushi ba. Zai karkata kai ya karanta, ya ce sun tsallake mataki biyu, ya jawo kwalinsa.

Watan jiya na ga irin wannan karkata kan a Paris. Nana ta dawo, harsuna take karanta. Muna cin abinci a unguwar Goutte d'Or ta ce, "Baba Sani, Mama ta ce aikin babana yana wurinka. Ina so in ƙarasa shi." Na ce katunan suna nan, zan nemo. Kai, ramin ƙarya ƙurarre ne! Tun ranar ban iya ɗaukar wayarta ba.

Abin da ya rage na Isufu ke nan: haƙurin da ya yi da ni, da 'yar da ta gaji sonsa na kalmomi, da katunan nan bakwai cikin ambulan ɗaya a aljihun tebur ɗina. Nana, na kasa faɗa miki baki da baki, shi ya sa na rubuta a nan, a gaban mutanen da na sa dariya. Ranar Asabar zan shigo jirgin ƙasa in zo. Kada ki zo tasha da akwati, 'yata. Abin da zan kawo miki bai cika aljihu ba.