Burtalin da Bai Cika Gida Ba

Shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar yayana Mamman, Allah ya jiƙan sa. Bana ɗana Issufu ne ya dawo min da shi sabo fil, da ya zo hutu Magarya da kwamfutarsa.

Aikin Issufu taswira ne. Na leƙa na ga gonaki da hanyoyi an zana su da siraran layuka. Ya danna wani abu, sai duk suka rikiɗe gida-gida kamar ramukan dara. Ya ce haka na'urar ta fi iya lissafin ƙasa: kowane gida abu ɗaya yake ɗauka, ko gona, ko daji, ko ruwa. Na yi dariya har ya tsargu. Ai wannan aikin Yaya ne, da hannu yake yin sa a biron noma, wato ofishin noma, shekarun da aka fito daga babban fari.

Takarda ce mai shara-shara da aka raba gida-gida, yakan ɗora ta a kan taswira ya bi yana cikewa da launi. Ƙa'idar ita ce, abin da ya fi yawa a gida shi ke cinye gidan. Ni tela ne, na san zafin yanka ƙyalle a kan layin da ba naka ba, don haka abin yana ba ni sha'awa.

Wata rana aiki ya kai shi ƙauyenmu, kusa da Dantchiao. Akwai burtalin da shanu ke bi zuwa tafki, ya ratsa ta gefen gonar mahaifinmu. Siriri ne, bai fi yawa a ko gida ɗaya ba, sai ya ɓace ɗungurungum. Da wannan takarda kuwa za a raba filayen gyaɗa, abin da bai fito a cikinta ba sunansa gona. In kuma ya shafa wa duk gidan da burtalin ya taɓa ja, launin burtali, jan zai lashe gefen gonarmu. Gaba kura, baya sayaki. Ya hau kekensa ya tafi wurin tsoho.

"Baba, ko burtali ya ɓace, ko ya ci maka kunya goma. Wanne zan kai wa shugaban biro?"

Baba ya ce, "Gonar tawa ce, shanun ma nawa ne. Gero yana tsaye ruwa ke iske shi. Saniya sai ta taka. Shafa janka."

Ya shafa, biro ya amince, Baba bai sake sa garma a wurin ba.

Ina ta tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga na'urar nan. Mutum ne mai tambayar tsiya, na san sai ya hana Issufu cin tuwo. Zai so ya ji yadda aikin wata guda ke ƙarewa kafin shayi ya huce, wataƙila har da ɗan kishi. Na yi tambayar a madadinsa: siririn abu irin burtali fa? Issufu ya ce yanzu ana iya ƙanƙanta gidan har ya koma kamar tabarma, kuma akwai inda ake dannawa a ba layi duk gidan da ya taɓa. Ashe an yi wa shawarar Baba maɓalli! Abin da ban gano ba shi ne, mai dannawa wa yake zuwa ya tambaya.

Takardun Yaya ban san inda suke ba, ƙila gara ta yi biki da su. Bai bar ɗa ba, bai bar gini ba. Gonar ce ta faɗo hannuna, ga iyali sun yi yawa, maƙwabtan ɗaya gefen kuma sun ci nasu rabon burtalin har shanu sai ɗaya bayan ɗaya suke wucewa. Kowace damina yarana sai sun yi min maganar kunyoyin nan goma, kuma ba ƙarya suke ba, muna bukatar hatsin. Bana ma raina ya so. Amma da muka kai wurin na ce a juya garma. Ina kewar Yaya ƙwarai, kuma muddin ina da rai shanu za su sha ruwa ta gefenmu.