Ranar Da Aka Kawo Kati Biyu Gwaji

Ni ba mai fita ba ce. Daga gidanmu na unguwar Fezzan sai gidan suna ko dubiya, don haka ɗan abin da na sani na kwamfuta a tsakar gida na tsince shi, daga bakin 'yata ta biyu da ke jami'a.

Ta fi shekara tana ɗinkin hula tana tara kuɗi, wai za ta haɗa kwamfutar wasa da hannunta. Ta sayi kayan ɗaya bayan ɗaya, saura katin girafik, wanda ta ce shi ke fito da hoton wasan sumul. To shi katin nan kamar yana jin takunta. Duk sanda ta kusa kamo kuɗinsa sai a ce dala ta tashi, ya ƙara gaba. Ƙarshe ta haƙura da sabo ta koma gwanjo. Shi kuwa gwanjo in ya mutu a hannunka ba mai karɓa, wahalar allurarta ta tafi a banza ke nan.

Babanta dillalin raguna ne a kasuwar Gamboru. Ya ce tunda yake bai taɓa sayen dabbar da bai ga tafiyarta ba. Ya sa wani mai shagon kayan kwamfuta na gwanjo ya zo gida da kati biyu bayan azahar, ana zafin nan na kafin damina. Ɗaya ƙato mai fanka uku, ɗaya ɗan tsurut mai fanka guda, kuɗinsu kusan ɗaya.

Maigida ya ɗauki ƙaton ya jinjina a tafin hannu, ya juya shi ya leƙa ƙasansa, saura kaɗan ya nemi haƙora. Ya ce wannan ya ci ya ƙoshi. Mai shago ya ce ai Alhaji ya san kaya. Ita ma yarinyar idonta na kan ƙaton.

Aka sa shi, ta kunna wasan tseren mota, hoto tar. Ina bakin ƙofa ina tsintar shinkafa. Da ya ɗauki zafi sai na ji wani ɗan kar-kar can ƙasa, yana zuwa yana ɗaukewa, irin kukan da fankar ɗakinmu ta yi kafin ta tsaya.

Na ce, "Fankar tsakiyar nan ba ta da lafiya."

Maigida ya ce, "Ke da ko kunna abin ba ki iya ba?"

"Ban iya ba, Alhaji. Amma kai ma ba ka sayen rago mai tari."

Kowa ya kara kunne. Mai shago ne ya fara sosa ƙeya. Ya rantse a shago ƙarar janareta ba ta barin a ji, na kuma yarda da shi. Aka cire aka sa ƙaramin, aka bar shi yana gudu har la'asar. Mu zufa na keto mana, shi muryarsa ko gezau.

Yarinyar ta ce sababbin wasanni sai ta rage kyan hoto kafin ya ja su. Duk da haka ta ce ƙaramin take so. Babanta ya gyara zama ya kama ciniki, ya taya, aka ce albarka, ya ƙara taya, har mai shago ya sallama yana cewa ba zai sake biyo dillali gida ba.

Katin na nan yana aiki, zafi biyu ke nan ya ratsa. Duk Asabar ƙawayenta kan zo su yi tsere, ni kuma in soya musu awara in miƙa ta taga.