Iyakar Gyazbi a Fadamar Baba

Duk wanda ya ce mini gyazbi ɓera ne, sai mun yi da shi. Na yarda haƙoransu iri ɗaya ne, amma ɓera ɓarawon cikin ɗaki ne, ya ci hatsinka kuma ya bar maka ƙazanta a ciki. Gyazbi kuwa dabbar fadama ce, ya fi zomo kauri, gashinsa da kaushi kamar tsohuwar tsintsiya, wutsiyarsa 'yar gajeruwa. Ba ya shiga gidan kowa. Inda ruwa yake da doguwar ciyawa nan ne garinsu, kuma a irin wannan wuri na tashi, a wani ƙauye da ke bayan Sheme.

Baba, mahaifinmu, rake yake nomawa a wata fadama da ke bakin rafi. Tsakanin raken da ruwan akwai wani yanki na gamba da kyauro da ya bari ya yi duhu, ba a nome shi, ba a ƙone shi. A nan gyazbi suke zaune. Maƙwabtanmu kuwa da rani ya kama, ciyawa ta bushe, sai su cinna wa nasu gefen wuta, su tsaya da karnuka da gora suna jiran abin da zai fito. Naman da daɗi, ban musa ba, na ci kuma ban ƙi ƙari ba. Amma Baba bai taɓa yarda a kai ashana yankinsa ba.

A wurinsa na koyi halinsu. Da wuya ka ga gyazbi ido da ido, aikinsa kake gani. In ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin ciyawa za ka ga hanyoyinsu sun ratsa ko'ina, a tattake sumul, wasu sun gangara har cikin ruwa, don gwanayen iyo ne. Kara kuma a karkace yake yanka shi, kamar an sa lauje. Ya riƙe da hannu biyu, ya cinye mai laushin, ya tara ɓawon wuri ɗaya. In ya ji motsi sai ya buga ƙafar baya a ƙasa, sauran duk su ɓace. 'Ya'yansu ma da gashinsu ake haihuwarsu, ido a buɗe. Baba yana son faɗin wannan, sai ka ce jikokinsa yake yabo.

Amma fa suna son rake fiye da yadda nake son shinkafa da wake. Dabarar Baba ita ce fili. Gyazbi ba ya son taka ƙasar da babu rufi a kanta, yana tsoron shaho da kare. Don haka Baba yakan kankare wata doguwar hanya tsakanin ciyawar da raken, mai faɗin da amalanke zai wuce, ya share ta tas, ko tsinke ba ya bari. Iyaka yake ce mata. Aiki ne na wahala, don ƙasar fadama ba ta hutawa, ka nome yau ka juya baya ta sake tsirowa. In an tambaye shi me ya sa ba zai ƙone ya huta ba, sai ya ce saiwar ciyawar ce ke riƙe bakin rafin, kuma mai shayarwa ba ta iya tsere wa wuta da 'ya'yanta.

Na girma na koma Ƙanƙara ina ɗinki. Yayana, babbanmu, shi ya zauna a gida ya riƙe gona. Mutum ne mai ƙoƙari, amma wutar ciki gare shi, in abu ya tsaya masa a gaba so yake ya gama da shi kafin azahar. Sai yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya daina zuwa fadama. Aka kuma shiga shekarun nan da zuwa gona ya zama sai da addu'a, mutum ya yi abin da ya kai shi da sauri ya dawo gida. Wa ke da sukunin share iyaka? Ciyawa ta haɗe da rake, gyazbi suka samu hanya har tsakiyar gona.

Ranar da na zo gaishe su na tarar da Yaya ya zube guntayen rake a gaban tabarmar Baba. Ya ce da wannan raken za a ci abinci bana, shi kuwa ba zai noma wa dabba ba, da ciyawar ta ƙarasa bushewa zai sa mata wuta. Gaskiya gare shi, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Baba ya ɗauki guda yana shafa yankan da babban yatsa. Tausayinsa ya kama ni, bakina ya riga hankalina, na ce ni zan share iyakar. Yaya ya dubi hannuna ya yi dariya. Ya ce ya yarda, amma in aka sake taɓa masa kara ko ɗaya bayan na share, wuta zai sa, kada wanda ya roƙe shi. Baba ya ce ya ji.

Hannun da ya saba da almakashi ya sha wuya a ƙotar fartanya. Kafin rana ta take, tafina ya yi bororo. Maƙwabta suka samu abin yi, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya tambaya ko tela ya zo yi wa fadama kalmasa ne. Na yi kunnen uwar shegu da su. Kwanaki na yi ina fama, ina saran saiwar tofa, ina kwashewa, ina sharewa. Wata safiya ina aiki a ƙarshen rafi na ji bugun ƙafa a cikin gamba. Na tsaya cik. Sai ga wata uwa ta leƙo da 'ya'yanta a baya, ta dubi filin da na buɗe, ta shinshina, ta juya ta koma. Ban taɓa jin daɗin an guje ni ba sai ranar.

Da na gama na ɗauko Baba a babur. Ya cire takalmi ya bi iyakar daga farko har ƙarshe, yana lalube da tafin ƙafa. Sau ɗaya ya sunkuya ya tuge wani ɗan tsiro da na tsallake. Bai yaba mini ba, ya dai ce a mai da shi gida. Amma a hanya ya riƙe kafaɗata da ƙarfi, kuma na san me yake nufi.

Na riƙa zuwa duk ranar da shago ya yi sauƙi ina sake sharewa. Rake ya miƙe, har an fara maganar sara. Sai wata rana Yaya ya shigo da kara ɗaya a hannu, an yanke shi a karkace, ya miƙa wa Baba. Ina zaune a wurin. Da Baba ya ce tsohon yanka ne, babu mai musa masa, don duk ƙauyen ba wanda ya kai shi sanin haƙorin gyazbi. Ya shafa, ya kai hanci.

"Wanga na jiya ne," ya ce. "Tahi ka yi abin da ka ce."

Na ji haushin Baba kamar in yi kuka. Duk bororon hannuna ya tashi a banza saboda ya kasa yin shiru. Yaya ya shiga madafa ya ɗauki ashanar Inna, mahaifiyarmu, ya fita. Muka zauna, ni ina duban sama ta wajen rafi, Baba yana jan carbi. Har aka kira la'asar ban ga hayaƙi ba. Da Yaya ya dawo ya ajiye ashanar inda ya ɗauko ta, ya ce iska ba ta yi daidai ba, za ta iya kai wutar cikin rake. Ganye ko ɗaya ba ya motsi a ranar. Washegari ma iskar ba ta gyaru ba, haka ta yi ta ƙin gyaruwa har aka sare rake aka ɗora a mota.

Baba bai ga damina ta gaba ba. Da aka raba gado, gefen rafin ya faɗa wa Yaya, na kuwa sa a raina cewa shi ke nan, mai hanawa ya tafi, gona kuma tasa ce. Na daina zuwa fadamar don kada in ga toka.

Da rani ya sake kamawa Inna ta aike ni in kira mata shi daga gona. Na gangara ina sauke ido ƙasa. Gamba tana nan tsaye, ta fi ni tsawo. A gabanta kuma ga iyaka an share, a karkace, wani wurin faɗi wani wurin tsukuku, irin aikin mai gaggawa. Yaya yana can ƙarshe da fartanyar Baba, gumi ya jiƙa masa riga. Ban taɓa alfahari da gidanmu kamar lokacin ba.

Ya ɗago ya gan ni ina murmushi, ya haɗa rai.

"Mi kake kallo? Kada ka ce komai."

Na cire takalmi na bi iyakar a bayansa, ina tuge abin da ya tsallake.