Gwaggon Kicin da Bulon Tokare Ƙofa

Ƙarfe goma na safe Gwaggo take zama kan 'yar kujerarta a kicin ɗin asibitin, ta jawo kwandon jar albasa tsakanin ƙafafunta. Ba ruwanta da katakon yanka. A tafin hannu take yi, da wata wuƙa da wasawa ta cinye har ta kusa zama tsinke. Shekara talatin da ɗaya, ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Ta ce ita da albasa sun daɗe da yin sulhu.

Girkin nata ba na a rubuta littafi ba ne. Mai kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, albasa, ɗan gishiri. Ba ta damun ta da juyi, sai ta yi laushi ta saki zaƙinta, sannan a zuba kan shinkafa ko dankali, ko a fasa ƙwai a ciki. Shi ke nan. Sai dai kafin albasa ta taɓa mai, Gwaggo takan tashi ta wangale ƙofar da ke kallon ɗakin marasa lafiya, ta tokare ta da wani tsohon bulo. A cewarta, mara lafiya da hanci yake fara cin abinci, baki daga baya yake zuwa.

Bara aka kawo masanin abinci. Farar hularsa ta kusa taɓa silin, takardar shaidarsa kuwa ya rataye ta daidai inda ake rataye ludayi. Ya ce ƙamshin suya bai dace da tsari ba. Ya sa aka rufe ƙofa, ya kawo garin albasa a gwangwani, ya ce a jefar da bulon.

Gwaggo ta ce, "To, ranka ya daɗe." Ta tura bulon ƙarƙashin kujerarta.

Ana haka aka kwantar da wani tsohon direba da aka yi wa aiki a ƙafa. Aiki ya yi kyau, amma Baba ya ƙi ci. Kwana huɗu sai ruwa. Likita ya ce in bai ci ba zuwa jibi, ta hanci za a zura masa roba. 'Yarsa ta durƙusa gaban gado da cokali.

"Baba, don Allah, ko loma ɗaya."

"Wannan abinci ne ko magani? In magani ne ba ni ruwa in haɗiye."

Ta fita bayan kicin tana kuka. Gwaggo ta ji kukan. Ta sunkuya ta jawo bulo, ta wangale ƙofa, ta ɗora kasko.

Masani ya taso. "Gwaggo, wa ya ba ki izini?"

"Zafi nake ji, ranka ya daɗe. Ka san tsufa."

Nas ɗin da ke aiki ranar ita ta ba ni labari, ta ce ba a yi minti goma ba Baba ya ɗago kai yana shinshina kamar mai neman hanya. Ya ce, "Wai wace ce ke soya albasa a gidan nan ba ta ce wa mutane bisimilla ba?" Aka kawo masa shinkafa da albasar a kai. Ya cinye, ya suɗe cokali, ya tambayi ƙanzo. Na gadon kusa da shi ya ce shi ma ai ba azumi yake ba. Roba ta koma cikin akwatinta.

Wata biyu bayan nan masani ya gabatar da takarda a wani taro, a kan sabuwar dabarar tayar da sha'awar abinci ta hanyar ƙamshi. An tafa masa sosai. Da aka gaya wa Gwaggo ta ce, "Allah ya ƙara basira. Miƙo mini gishirin nan."

Ƙarshen watan nan take ajiye aiki. Gwaggo, ke ce ba ki da takarda a bango, amma ba a ƙirga bakunan da kika buɗe. Ke ce kika san wuta ba ta son gaggawa, mara lafiya kuma ba ya son a yi masa wa'azi da cokali. Uwar kasko, mai kiran yunwa ta amsa! Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya saka miki da abin da ya fi albasarki daɗi.

Shekaranjiya Baba direba ya zo da ƙafarsa, yana dogara sanda, 'yarsa na biye da kwandon jar albasa. Gwaggo ta latsa guda ɗaya ta ce an cuce shi, ba ta gama bushewa ba. Sannan ta goge ido da gefen ɗankwali, ta ɗora wa albasar laifi.

Wuƙar za ta tafi da ita. Bulon ta ce a bar wa mai zuwa. Ku da kuke da kasko a gida, ba sai kun sayi doguwar hula ba: ku rage wuta, ku yi haƙuri da albasa, ku bar ƙofa a buɗe. Ba ku san wanda ke kwance yana jiran ƙamshin ba.