Rubutun da Aka Manne a Bayan Zanen Yaya Sahabi

Shekara bakwai ke nan a wannan watan da aka fita da yayana Sahabi daga gidanmu na Ƙofar Kware. Na so in rubuta abin da aka saba rubutawa a irin wannan rana: mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, a shafa fatiha a tashi. Mutumin kirkin ne kuwa, kuma Allah ya jiƙansa. Amma bana alƙalamina ya ƙi bin wannan hanya. 'Yarsa Luba, wadda ya bari tana shekara uku kuma take hannuna tun da uwarta ta sake aure, yanzu ta kai goma, ta iya karatu, boko da ajami. Akwai saƙon da ubanta ya rubuta mata, ni kuma ba ni da ikon miƙa mata shi. Bai ƙone ba, bai ɓace ba. Mu ne dai, da muka tashi a gidan mahauta, muka ba kura ajiyar nama.

Wanda ya san Ƙofar Atiku a wancan lokaci ya san ɗan shagon Yaya, ko da bai san sunansa ba. Shi ke rubuta allunan shaguna: mai shayi, mai gyaran babur, mai kemis. Da wannan yake ci da iyalinsa. Amma in aiki ya yi sauƙi, sai ya kankare ragowar fentin da ke gindin gwangwani, ya yanki kwalin sukari ko na sabulu daidai tafin hannu, ya zauna yana ɗan zanensa. Ba na sayarwa ba ne. Ko nunawa ba ya cika yi, sai dai ka ritsa shi.

Tun yana yaro Inna ta ja masa kunne a kan zanen abu mai rai, ta ce malamai sun hana, kada ya jawo wa kansa tambaya ranar gobe. Bai yi mata musu ba, bai kuma daina zana mutane ba. Dabara ya yi. In zai zana mutum, sai ya zana abin da mutumin ya fi taɓawa, sannan ya juya kwalin ya rubuta da ajami ko wane ne, da abin da ya sa. Saboda haka gaban kwalin rabin aiki ne kawai. Wanda bai karanta bayan ba, tarkace kurum zai gani.

Akwai dutsen wasa wuƙa da tsakiyarsa ta lotsa. Wannan Baba ne. A bayansa Yaya ya rubuta cewa ranar da ya ce ba zai gaji fawa ba, Baba bai zage shi ba, bai doke shi ba, zaure kawai ya koma ya zauna yana wasa wuƙar da ba ta bukatar wasi har aka kira la'asar, kuma da ya doke shi da ya fi masa sauƙi. Akwai ludayin duma da aka ɗinke tsagarsa da zare, Inna ke nan, wadda ba ta taɓa yar da abu don ya fashe ba. Ni kuwa kofin silba ya zana, mai lanƙwasa a baki. Shi na jefe shi da shi ina 'yar shekara tara, na kuskure, kofin ya sami bango. Ya rubuta: Hajara, zuciya da yawa, saiti kaɗan. Na yi mako ban gaishe shi ba, yana ta dariya.

Na ƙarshe da na gani, ciwon ya riga ya fara cinsa. Wasu 'yan takalman roba ne ja, ɗaya a kife, a bakin ƙofar ɗakinsa. Na Luba ne. Na juya kwalin na ga rubutu ya cika shi tam, har gefe, ba irin layi biyun da ya saba ba. Sunanta kawai na kai ga karantawa ya fizge.

"Wanga ba naki na ba, sarkin gulma," ya ce. "Ran da tak koyi karatu, ta karanta abinta da bakinta."

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon abin da ya bari. Malamin da ke rabon ya duba keke, tsani, gwangwanayen fenti da buroshi. Da aka buɗe ƙaramin akwatin ƙarfen da zanen ke ciki, Kawu ya ɗaga ɗaya ya jujjuya ya ce, "Waɗanga ba dukiya ba na, kwalaye na." Ba wanda ya musa, har ni. Abin da ba a lissafa shi cikin gado ba kuwa ba shi da mai shi, kowa na iya miƙa hannu.

Wanda ya miƙa hannun ba baƙo ba ne. Ba zan faɗi sunansa a jarida ba, zan kira shi Aminin, tunda haka muke kiransa a gida. Tare suka yi makarantar allo, tare suka koyi riƙon buroshi, kwano ɗaya suke ci a zaurenmu. Shi ya yi ta jigilar Yaya asibiti, wannan ba zan danne masa ba. Ya same ni a soro idonsa jawur, ya ce ɗakinmu na da gara, in ba shi akwatin ya adana har Luba ta girma. Ta yaya zan ce a'a ga mutumin da ya kama makarar ɗan'uwana? Da hannuna na miƙa masa, har ina godiya.

Shekara biyar ban tambaya ba, don tambaya tuhuma ce a wurinmu. Sai bara wata malama a makarantar da nake koyarwa a Mabera ta miƙo mini wayarta, ta ce in ga ɗan garinmu yana baje kolin zane a Abuja. Na gane kofina kafin in gane fuskarsa. Ga kwalayen Yaya nan jere a bango, kowanne an ɗora shi a kan faifan katako, an yi masa gilashi, a ƙasa kuma sunan Aminin da farin fenti. Har bayani an yi wa kowanne da Turanci. Dutsen Baba ya zama abin tunawa da mayaƙan da. Takalman Luba kuwa, wai na wata yarinya ce da talauci ya raba da makaranta, wadda mai zanen ya gani a hanya ya zubar da hawaye. Yarinyar da ake magana tana aji huɗu, ita ke zuwa ta biyu.

Da ya zo gida hutun salla na je na same shi. Ban tada maganar suna ba, na ce a bar wannan ga Allah. Na ce ina son bayan kwalin takalman kawai, ko hotonsa ne.

"Hajara, an manne su bisa katako da gam," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ba su ɓamɓaruwa. In anka ja, duka sai shi yage. Kuma wancan ma an saye shi."

"Ka karanta kahin a manne?"

"Ban tsaya ba. Mi ag ga rubutun? Da ban ɗauke su ba, da yanzu gara ta gama da su."

Da ɗan birnin da bai san ajami ba ne ya shafa gam ɗin, da na ce jahilci ne. Amma wannan ya san yadda Yaya ke aiki, ya sha zama kusa da shi yana rubutun nan. Ya san cewa muddin bayan kwalin yana karantuwa, ba wanda zai iya ɗora sunansa a gaba. Ba gara ya tsare wa zanen ba, bakin mamaci ya toshe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wannan tsohon zance ne kuma na iya haƙuri da shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a raba marainiya da kalmar ubanta don a sami wurin sa hannu.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Sana'arsa ta allo ta kusa mutuwa, inji ke buga komai yanzu, kwana ɗaya an gama. Wannan ba zai dame shi ba, zai ce inji ba ya kuskuren harafi kamar shi. Da ya ga kwalin sukarinsa a cikin gilashi ana ɗaukarsa hoto, zai yi dariya har ya riƙe ciki. Maganar suna ma na san shi, cewa zai yi a bar masa, yana da iyali. Halinsa ke nan, kuma yana cikin abin da ke ba ni haushi da shi har yau. Amma a kan takalman nan ban yarda zai yi dariya ba. Mutumin da ciwo ke cinsa, ya daure ya cika kwali da rubutu har gefe, yana da abin da yake son a ji.

Me ya rage na Sahabi? Allunansa rana ta cinye, shagon ya koma na cajin waya. Zanensa na rataye a gidajen da ba su san sunansa ba. Abin da ke hannuna shi ne bayanan da na haddace, na Baba, na Inna, da nawa, kuma na rubuta su a nan don su sami wurin zama. Ga Aminin, in wannan ya iso gare ka: ka riƙe sunan, ka riƙe tafin da aka yi maka. Ka gaya mana gidan da takalman suke, mu je mu roƙa, ko da zanen zai yage.

Makon jiya Luba ta tsare ni a madafa. Wani a dangi ya gaya mata babanta ya bar mata takarda. Ta ce, "Goggo, mi yac ce mani a ciki?" Wallahi kalmomin suna bakina, masu daɗi, irin waɗanda kowane uba zai rubuta, kuma da na faɗa da ta yarda ta riƙe har tsufanta. Sai na ga in na yi haka, ni ma na ɗora maganata a kan zanensa ke nan. Na ce mata, "Sunanki na gani a sama, Luba. Sauran ban sani ba."

Sai ta tambaye ni ko rubutun na da yawa. Na ce ya cika kwalin har gefe.